Ka Tsamo Ni Cikin Masu Anko

Zuwa ga Yaya Misbahu, sanyin idaniyata, dabinon Dutse da ba a gajiya da zaƙinsa, hadarin farkon damina da manomi ke ɗaga kai yana jira. Amincin Allah ya tabbata a gare ka.

Ni da ko a gaisuwa ba na iya haɗa ido da kai, yau ga ni riƙe da biro!

Ka tuna yammacin da muka hau dutsen bayan unguwarku, ni da ƙanwarka Shamsiyya, ka nuna mana ƙadangare? Na duba, na sake dubawa, dutse kawai nake gani. Sai da ya gyaɗa kai, sai ga shi ya fito fili kamar yanzu aka halicce shi. Ka yi dariya. Da dariyar nan na tafi gida, har yau ban ajiye ta ba.

Makon jiya malamarmu ta Bayoloji ta warware mini abin. Ashe ido haske da launi kawai yake kwasowa, a cakuɗe. Can wajen ƙeya ne ƙananan ƙwayoyin ƙwaƙwalwa ke shawara da juna a kan kowane gefe, kamar manoma a bakin iyakar gona: wannan layin na wa ne, na tsuntsu ko na sararin sama? Wanda aka bar wa iyakar shi ke matsowa gaba, saura su koma baya. Wai kuma abin da mutum ya sa wa hankali, shi suka fi ɗagawa. 'Yan aji na ta rubutu, ni kuwa na zuba tagumi. To ai ni duk duniya baya ce! Duwatsun nan, cinkoson kasuwar Shuwarin, har watan goma sha huɗu, duk baya suke komawa in ka ɓullo.

Amma ni fa, Yaya? Ranar bikin Aisa muna cikin anko, ka zo ka gaida ƙawata Hassana da sunana. Kowa ya yi dariya, ni ma na yi, sannan na shige ɗaki. Ban ga laifinka ba. Atamfa ɗaya, mayafi ɗaya, ɗaurin kallabi ɗaya, wace ƙwaƙwalwa ce ba za ta ruɗe ba? Sai dai zuciya ba ta jin darasi. Amma kuma na lallashe ta: wanda ya kira sunanka, ai kai yake nema!

Asabar mai zuwa za mu kai wata amarya Kiyawa, na ji kana cikin abokan ango. Anko ne kuma. Shamsiyya ta ce in canza mayafi don in fita daban, na ƙi. Ba na so launi ya yi maka aikin. Hankalinka nake roƙo, shi kaɗai.

In ka gane ni, don Allah kada ka matso, Gwaggo na wurin, kunya sai ta kashe ni. Gyara hularka kawai. Ko kaina na sunkuye, zan gani.

Taka, wadda idonta ba zai ƙara zaɓar wani ba har ƙarshen numfashi,
Nusaiba