Rundunar Baba ta Uku

Litinin, 3 ga Maris

Na saka wa Baba wasansa a kwamfuta. Shekara talatin suna buga shi a kan tebur shi da abokinsa Injiniya: taswira mai koguna da gadoji, 'yan rundunoni na katako, da littafin ƙa'ida mai shafi sittin wanda su biyu kaɗai suka san kansa. Yanzu Injiniya ya koma wurin 'yarsa a wani gari, hannun Baba na dama kuma tun da ya shanye ba ya iya tsintar ƙaramin abu. Da hagu zai iya jan linzamin kwamfuta, su buga daga nesa. Na yi ta jin kaina. Shi kuwa ya dubi allon ya ce, "Kogin nan ya cika shuɗi." Godiyar ke nan.

Laraba, 5 ga Maris

Likita ta ce in riƙa rubuta duk mantuwar da Baba ya yi, in kai mata ranar ashirin. Yaya ya riga ya yanke nasa hukuncin: in ta ce ƙwaƙwalwa ta taɓu, Baba zai bar gidansa ya koma ɗakin baya a gidan Yaya, a nemo mai kula. Baba ya ce gawarsa ce za ta fita daga nan. Ni ce a tsakiya, kamar kullum. Na manna takardar da zan riƙa rubutun a cikin ƙofar kabad ɗin kicin.

Asabar, 8 ga Maris

Ya rantse runduna uku ya bari a bakin gada jiya, yau ya buɗe ya tarar da biyu. Na ce, "Baba, kwamfuta ba ta mantuwa." Ya cire tabarau ya kalle ni. "Auta, ni nake yi ke nan?" Na shiga kicin na rubuta.

Lahadi, 9 ga Maris

Abin banzan nan ya maƙale sau huɗu. Da an zo zagayen raba abinci ga runduna sai allon ya daskare, kiɗan yana ta maimaita kansa kamar sauro a kunne. Na rubuta wa kamfanin. Cikin minti ɗaya amsa ta dawo, wai suna godiya da ƙaunar da nake yi wa wasansu. Ƙauna! Na yi tsaki har Baba ya jiyo daga falo.

Talata, 11 ga Maris

Na taso daga ɗakin magani ƙafata kamar ba tawa ba, na tarar da shi a waya yana zazzaga wa Injiniya. Wai dawakan Injiniya sun tsallake kogi babu gada, kuma shafi na arba'in da ɗaya ya hana. Injiniya ya ce shi dai ya danna, ta karɓa. Baba ya kira shi macuci. Shekara talatin.

Ya ce in sauko masa da littafin daga saman kabad ɗin kaya. Na ce gobe. A raina na ce mutanen da suka haɗa abin nan ba su fi shi sanin ƙa'ida ba ne? Na rubuta: zargin aboki ba dalili.

Alhamis, 13 ga Maris

Bakwai yanzu a takarda. Na ɗauki hotonta na tura wa Yaya. Ya ce ya sa a yi wa ɗakin fenti.

Juma'a, 14 ga Maris

Yau ma runduna ta ɓace, kuma bai yi gardama ba. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce a hankali, "Wataƙila ni ne." Can kuma ya ce, "Ɗakin nan na gidan yayanki, yana da taga?"

Baban da zai yi musu da agogon bango. Na fi son masifarsa sau dubu a kan wannan laushin. Abinci ma cokali uku ya yi ya ture.

Lahadi, 16 ga Maris

Na sauko da kwalin wasan daga saman kabad ɗin kaya da hantsi, ƙura har cikin hanci. Na shimfiɗa taswirar a teburin cin abinci, na ce za mu buga da kwamfutar, duk abin da ya motsa a allo ni zan motsa shi a tebur. Ni da nake ƙirga ƙwayoyi tun safe har yamma ba a taɓa kama ni da kuskure ba, ai zan iya ƙirga katako.

Ya kai runduna uku bakin gada. Na jera uku. Na ajiye wasan, na rufe, na sake buɗewa.

Biyu a allo. Uku a tebur.

Na sake. Haka. Na sake har sau biyar. Duk rundunar da ta tsaya a kan gadar kanta, da an rufe an buɗe sai ta bi iska. Na buɗe shafi na arba'in da ɗaya, ga shi nan ƙuru-ƙuru: doki ba ya tsallake kogi sai da gada.

Na ce, "Baba, kai ne da gaskiya. Tun farko." Na zaci zai yi min dariya, ko ya zage ni, da na ji sanyi. Sai ya ce kawai, "To." Ya ce in kira masa Injiniya. Na fita na ba su wuri, don kunya ta hana ni tsayawa.

Litinin, 17 ga Maris

Na tura wa kamfanin hotuna da wasiƙar da ban san na iya irinta ba. Wannan karon mutum ne ya amsa. Wai sun san da matsalar gadar tun watanni, za a gyara a sabuntawa mai zuwa, kafin nan a guji tsayawa a kan gada. A wasan da rabinsa gada ne! Sun sani suka sayar. Na rubuta masa cewa saura kaɗan tsoho ya rasa gidansa saboda su, sai na goge. Ba su suka riƙe biro ba.

Yaya ya ce, "Yanzu wasan yara ne zai yanke mana shawara?" Na ce ai da shi ka yanke taka. Ya kashe wayar. Biyar cikin bakwai na wasan ne. Sauran biyun suna nan: butar da ya bari a kan wuta, da ranar da ya tambaye ni sau biyu ko Talata ce.

Alhamis, 20 ga Maris

Na faɗa wa likita komai a gaban Baba da Yaya, na soke biyar ɗin da hannuna. Yaya yana ta kaɗa makullin mota. Ta yi wa Baba tambayoyi, ta sa shi zana agogo da hagu, ya ƙirga baya-baya. Ya yi tuntuɓe sau ɗaya. Ta ce zai iya zama a gidansa, mu dawo bayan wata uku, kuma in ci gaba da rubutawa. Yaya ya ce fentin ba zai lalace ba kafin nan.

Da muka iso gida Baba ya tsaya a ƙofar kicin ya ce, "Auta, ki sake wa takardarki wuri. A kabad ɗin nan nake ɓoye sukarina." Kullum yana karantawa, ashe. Na shiga banɗaki na kunna famfo na yi kukana.

Asabar, 29 ga Maris

Na cire abin daga kwamfutar. Yanzu a tebur suke bugawa, kowa da taswirarsa, waya a jingine da kofi. Injiniya ya faɗi nasa, Baba ya faɗi nasa, ni in motsa. Na fara gane ƙa'idar abinci, har na yi masa gyara, ya ce in kama kaina.

Da la'asar ya ce in tura rundunarsa huɗu ta bakin tudu. Uku ce. Ni na jera su, kuma babu wanda ya taɓa teburin. Na ƙirga sau biyu. Shi yana can yana tsokanar Injiniya, yana dariya har da tari.

Sabuwar takardar tana jakata, babu komai a kanta. Na sa hannu a kwali na ɗauko ɗaya na ajiye masa. Wasa ne dai.