Gunkin Bakin Sitad

Yaya Asiya,

Ina gaishe ki. Ya jikin Inna, ya zafin Agadas? Ni lafiya lau, ƙafar ma da sauƙi, sai in sanyi ya sauko.

Na samu aikin shara a wani sitad, wato filin wasanni, nan Faransa. A bakin ƙofa akwai gunkin wani ɗan tsere na wajen 1910, mai gashin baki da guntun wando. Kullum ni ke goge masa kashin tattabaru. Aka karanta mini allonsa: wai shekara tara yana gudun kilomita arba'in da biyu, ya ci kofi uku. Kan titi fa, Yaya, ana miƙa masa ruwa, ana tafa masa! Wai gwarzo ke nan.

Kar Inna ta ji, amma ki faɗa wa mijinki Gambo in ya sake zancen tahowa. Da kamiyonmu, babbar motar da ta ɗauko mu, ya mutu cikin hamada bayan Dirku, kwana biyu muka yi a ƙafa, mu shida da bidon ruwa ɗaya. Huɗu muka isa. Ba wanda ya tafa. Takardu aka tambaye mu.

Allah ya haɗa fuskokinmu.

Ƙanenki,
Alkasum