Gariba Ya Ajiye Makullin Babur

Sabonjida, Tamale
3 ga Maris, 2024

Gariba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina gaida Ashetu da yara. Na kira wayarka har na gaji, shi ya sa na ba direban motar Salaga wannan takarda.

Wata biyar ke nan da ka ajiye makullin babur a kan kantar shago ka koma garinku, ko sallama babu. Shekara ashirin da shida kana kai mana kaya, ban zaci haka za mu rabu ba.

Ka san ba ni na nemo kamfanin nan mai kai kaya ba. Tun da 'yata Maltiti ta sa rigunanmu na batakari da man kaɗanya a intanet, masu saye suka yi yawa, har daga Takoradi. Ta ce babur ɗaya ba zai iya ba, na yarda. Yanzu kayan suna sitonsu a Vittin. Su ke ɗaurewa, su ke kaiwa, su ke cika mana shago ranar Litinin. Aiki yana tafiya, ba zan yi ƙarya ba. Amma bayan shago ya zama wayam. Inda muke zama kan dila muna shan koko, kana ba ni labarin wanda aka yi wa haihuwa da wanda ya ƙaura, yanzu tsintsiya ce kawai a jingine.

In na yi maka laifi, ka faɗa mini.

Naka,
Sidiki


Salaga
15 ga Maris, 2024

Maigida Alhaji,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da ladabi, da fatan Hajiya da mutanen gida suna lafiya. Ni nake faɗa, Ashetu ke rubutawa.

Ba ka yi mini laifi ba. Idona ne. Shekara biyu ke nan yana dushewa. Bara da sanin hanya kawai nake tuƙi, don na haddace kowane rami daga Sabonjida zuwa kasuwa. Wata rana a Kaladan saura kaɗan in kaɗe mace mai goyo. Ban gan ta ba sai da ta yi ihu. Na sauka na tura babur har shago.

Ni na je wajen Maltiti na ce ta nemo kamfanin, na roƙe ta kada ta gaya maka. Na san halinka, da ka ce in zauna kana ciyar da ni. Ban iya ba.

Ya Madam Evelyn? Ƙarshen kowane wata nake kai mata man kaɗanya saboda gwiwarta. Gidanta ba lamba.

A gafarce ni. Na bar ka lafiya.

Gariba


Sabonjida
22 ga Maris, 2024

Gariba,

Salamu alaikum, da gaisuwa ga Ashetu mai kyan rubutu.

Na yi fushi kwana biyu, da kai da Maltiti. Na ajiye takardarka a gabanta, ta fashe da kuka. Kullum ni da kai muna fuska da fuska, ban lura da idonka ba. Wannan ya fi ci mini rai.

Sau biyu masu baburan kamfanin suna dawo da kayan Madam Evelyn, wai ba su ga gidan ba. Jiya na ɗauka da kaina, na ɓata sau uku. Na same ta da sanda. Ko ƙullin ba ta kalla ba, ta ce, "Alhaji, ina Gariba? Ya mutu ne kuka ɓoye mini?"

Irinta sun kai arba'in, tsofaffin abokan cinikinmu, marasa lamba, marasa babbar waya. Na gaya wa Majeed, manajan siton. Ya ce yana neman wanda zai zauna ya kwatanta wa mutanensa gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, su sa a taswirarsu. Ba sadaka ba ce, aiki ne, kuma duk Tamale kai kaɗai ka iya. Na kuma yi magana da likitan ido, ya ce sai ya duba ka kafin ya ce komai.

Ka dawo.

Sidiki


Salaga
29 ga Maris, 2024

Maigida,

Ina gaisuwa. Zan zo ranar Alhamis da motar safe. Kada ka aiko kowa, ka zo tasha da kanka. In ka hango ni, ka fara yin magana, don ba zan gane ka daga nesa ba.

Sai mun haɗu, in Allah ya yarda.

Gariba