Bangon da Inna Ta Bari Ya Shiga Gida

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum. Na san wannan takarda ba za ta iske ka ba, babu motar da ke zuwa inda kake. Amma tun ina ƙarami in na gama zane kai nake fara kai wa, kuma har yau ban daina ba.

Gida lafiya lau. Damina ta yi kyau a Affala, Kawu Idi ya aiko da hatsi. Allon da ka zana wa mai aski na bakin tasha yana nan, ko da yake rana ta cinye rabin fentin. Ya ce ba wanda zai taɓa masa shi, har da ni.

Babban labarin shi ne na samu aikin bangon littafi. Wata malamar makaranta da aka turo daga Damagaram ce ta rubuta labarin aljannun da suka shigo Tawa suna kabu-kabu, suna ɗaukar mutane daga kasuwar dabbobi su sauke su a unguwannin da ba kowa ke gani ba. Da na gama karantawa, sai da na jima ina leƙen ƙafar duk mai babur kafin in hau.

Ka san Inna. Ko sunansu ba ta kamawa, mutanen ɓoye take cewa. Da ta ji aikin, ta ajiye ludayi ta ce wanda ya zana fuskarsu ya kira su ne, kuma littafin ba zai wuce zaurenta ba. Na yi dariya. Amma me zan yi da aikin da uwata ba ta sa wa albarka ba?

Su kuwa masu buga littafin dodo suke so, mai jajayen idanu, wuta na fita ta bakinsa. Na yi musu shi a kwamfuta kala-kala. Malamar ta duba ta ce wannan ko kyauta ne ba mai hawa bayansa, to a ina zai samu fasinja? Gaskiyarta.

Sai na tuna yadda kake aiki. Ba ka taɓa zana idon mutum ba, kakan ce ido sai Mai halitta. A allon mai aski ƙeya kake nunawa, mai shayi kuma ka sunkuyar da shi kan butarsa. Ban taɓa gaya maka ba, Baba, amma mutanen nan naka marasa fuska sun fi hotuna da yawa rai. Me ya hana ni faɗa tun kana ji?

Na zana mai kabu-kabu ta baya, yadda fasinja ke ganinsa, da rana tsaka a bakin kasuwa. Shanu da raƙuma duk sun juyo suna kallonsa, mutane kuwa ba wanda ya kula. A madubin babur akwai hanya, akwai shaguna, shi kaɗai ne babu. Malamar ta so shi, masu bugawa suka yi guna-guni suka yarda.

Ranar da littafin ya iso, a zaure na tsaya na yi sallama kamar baƙo. Inna ta fito tana goge hannu. Ta karɓa da yatsu biyu ta nisanta shi da jikinta, can kuma na ga ta matso da shi. Sai ta tambaye ni wa ya ce in sa ka a ciki. Ban gane ba, sai da ta ɗora yatsa kan kafaɗar hagu da ta fi ta dama sauka, wadda ɗaukar tsani ta karkata maka. Wallahi Baba ban yi da niyya ba. Shekara da shekaru ina bayanka a babur, rungume da gwangwanayen fenti. Wane baya hannuna ya sani in ba naka ba?

Na zaci za ta yi fushi na mai da mijinta aljani. Sai kawai ta goge bangon da gefen mayafinta, ta shige da shi ciki. Yanzu yana jingine kan kwanoninta, yana fuskantar gadonta. Ba ta karanta boko, kuma ba ta nemi a karanta mata ba.

Na gode, Baba. In na yi maka rashin kunya da na ɗora ka kan babur ɗin mutanen ɓoye, ka yafe mini, Inna dai ta samu abin kallo. Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya haɗa fuskokinmu a Aljanna.

Ɗanka mai riƙe maka fenti,
Mahamadu