Buhun Citta a Kujerar Gaba

Lahadi da dare, Kafanchan

Barci ya ƙi zuwa. Yau na kai sabuwar motar Kwoi don Baba ya sa mata albarka. Shekara da shekaru ina mafarkinta: baƙa wuluk, kujerun fata, kana taka ta sai ka ce za ta tashi sama.

Bayan sujada yaran unguwa suka yanyame ta, na daka musu tsawa kada wani ya ɓata mini kujera da datti. Ashe Baba yana tsaye a bayana.

Da na buɗe masa ƙofar gaba, sai ya ce in jira. Ya shiga gida ya ɗauko tsohon buhun citta, ya kakkaɓe, ya shimfiɗa a kan kujerar, sannan ya zauna a ɗofane. Alhali kayan coci ne a jikinsa, wankakku tas.

Na ce, "Haba Baba, mene ne haka?"

Ya ce, "Bar shi, Yakubu. Jikin manomi ba ya rabuwa da ƙasa."

Ba da fushi ya faɗa ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Muka zaga gari hannuwansa a kan cinya, bai taɓa komai ba. Hannuwan da suka noma cittar da ta kai ni makaranta! Ya yi addu'a, ya sauka.

Buhun yana nan. Matata Ladi ta kai hannu za ta cire, na hana ta. Baba ne zai cire shi da kansa, ran da na iya buɗe baki na roƙe shi gafara.