Gyaran da Na Ba Masu Sayen Takalma

Litinin, 3 ga Maris
Tsohuwar kwamfutar nan da ke bayan firij, wadda ba na kashewa dare da rana, ta fi min yaron shago amfani. Finafinai na cikinta, hotunan gida na cikinta, ina zaune a kasuwa ina buɗe ta a waya. Duk wanda ya sayi takalmi bai ja ciniki ba, sai in raɗa masa kalmar sirrin a matsayin gyara, ya je ya sha kallo. Ko sisi ba ta ci na. Maƙwabta sai leƙe suke, sun rasa me ke kawo min mutane.

Alhamis, 6 ga Maris
Wani dogo mai tabarau, ban taɓa sayar masa da ko igiyar takalmi ba, ya juya silifa a hannunsa ya ce, "Autar nan taka akwai wayo. Har yanzu ita kaɗai take fita makaranta?" Na yi dariyar ciniki. Sai da ya ɓace cikin mutane na farga. A ina ya san Auta?

Juma'a, 7 ga Maris
Na duba abin da aka kalla. Ba fim ba ne. Bidiyon da mamanta ta ɗauka ne ranar da ta fara zuwa makaranta: rigar makarantar, ƙofarmu, har shagon aski na kusa da mu. An maimaita shi, an sake maimaitawa.

Asabar, 8 ga Maris
Na je in canza kalmar, na'urar ta ce ba ta san ni ba. Ni da kayana!
Mai gyaran waya ya riƙe baki. "Maigida, babbar kalmar ka raba wa mutane? Ai makullin gida ka bayar gyara. Wani ya riga ka canzawa." Ya ce in je in zare wayar wutar kwamfutar daga bango, yanzu.
To, yayata fa? Tana can nesa, kullum da safe sai ta buɗe bidiyon Inna marigayiya tana yi mana faɗa a tsakar gida. Wayarta ta riga ta shiga, ba a kore ta ba. In na zare, muryar Inna na ɗauke mata.

Lahadi, 9 ga Maris
Ban zare ba. Fankar kwamfutar na ta huci a bayan firij kamar mutum ya laɓe. Maman yara ta ce me ya hana ni cin abinci. Na ce kasuwa.

Litinin, 10 ga Maris
Auta ta makara dawowa. Na tsaya bakin titi, duk dogon da ya gifta shi ne. Ashe shara aka sa su.
Na shiga na fizge wayar kwamfutar daga bango. Gidan ya yi tsit.
Na kira Yaya, na fara kewaye-kewaye irin na ciniki. Ta katse ni: "Kai dai wayonka ya yi maka yawa. Inna tana kaina, ba sai da injinka ba. Riƙe min yarinya."

Alhamis, 13 ga Maris
Wata ta sayi takalma biyu, ta ce ina gyaran nan da ake labari? Na ba ta man gogewa.
Ni nake raka Auta makaranta yanzu, shago sai ya jira. Ba wani abu ba ne. Dama ƙafata na son tafiya.