Abin da Gambo Ya Faɗa

Gummi, 9 ga Maris, 1987

Aminina Magaji,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Ladi da yara. Yaya ƙafar taka? Allah ya sa mutanen Anka ba su gaji da labaranka na soja ba, ko da yake rabinsu nawa ne ka ara.

Na samu sabon aiki, na kuma san sai ka yi dariya. Alhaji Bature ya sayo talabijin da bidiyo da janareta, ya toshe tagogin zaurensa da buhuna, duk ranar kasuwa bayan la'asar wurin cika yake maƙil. Ɗansa ya naɗo masa wani shirin Turawa daga Legas, kashi-kashi. Mutane ne cikin jirgi suna yawo tsakanin taurari, suna yaƙi da wasu mutanen ƙarfe da bindigogi masu feshin haske. Da yake ba mai jin maganarsu, aka ce a nemo tsohon soja. Ni ne tafinta, da ɗan Turancina na bariki.

Magaji, mutanen nan sun kai taurari, amma da mugun bakinsu suka tafi. Ashar ɗin da sajanmu yake lailayo mana a fareti, ita ce dai a can sama. Ga dattawa a sahun gaba, har da surukina, ina zan iya maimaitawa? In jarumin ya ɗura wa wani ashar, sai in ce ya ce Allah ya shirye ka. Har yaba tarbiyyarsu ake yi.

Jinin ne yake damuna. A tsaga mutum gida biyu, hanji a waje, samari na tafi da shewa. Ni sai in kalli bango, don na san abin da akwatin ya rage. Babu wari, babu ƙuda, kuma kowa nan take yake mutuwa.

Ka gai da Ladi.

Naka,
Mamuda

Gummi, 2 ga Afrilu, 1987

Magaji,

Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya. Ni jikina lafiya lau, zuciyata ce babu daɗi.

Ka tuna alkawarin da muka yi a kan Gambo, abokinmu na Zugu, ranar da ya taka nakiya? Muka ce in Allah ya maido mu gida, za mu gaya wa mahaifiyarsa, Inna Hamsatu, cewa da kalmar shahada ya cika. Ni na je na faɗa mata. Shekara goma sha takwas ke nan ban ƙara ɗaga maganar ba.

Ɗansa Sa'idu, wanda ya bari a goye, ya zama cikakken mutum. Yana kawo gero kasuwar nan, in ya sayar sai ya shigo kallo, ya zauna kusa da ni. Tafiyarsa ma irin ta ubansa ce.

Ranar kasuwar da ta wuce aka sa kashi na shida. Hasken nan ya datse wa wani ƙafafu biyu, yana kwance a jikin abokinsa yana zaginsa. Wallahi kalmomin Gambo ne, ɗaya bayan ɗaya. Kana wurin, ka ji shi yana roƙona in ƙarasa shi, da na ƙi ya bi ni da ashar tun daga azahar har la'asar. Jama'a suka juyo suna jiran fassara. Ban san lokacin da bakina ya ce mutumin ya yi kalmar shahada ba.

Wani malamin sakandare ya miƙe ya ce ƙarya nake yi, ashar ce tsagwaronta, tun kashi na farko ma yake jina yana haƙuri. Zaure ya kece da dariya, ana cewa yau ga Baturen shirin ya musulunta a sama. Sa'idu kaɗai bai yi dariya ba. A waje ya same ni, ya gaishe ni cikin ladabi, sannan ya tambaye ni ko irin wannan tafintar na yi wa mahaifinsa. Na kau da kai, shi kuma ya gane.

Na roƙe shi kada ya faɗa wa tsohuwar, ya bar ni in je da kaina. Tsoro nake ji, Magaji, fiye da wanda na ji a daji. Kalmar nan ita ce matashin da take kwana a kai.

Ka sa ni a addu'a.

Mamuda

Gummi, 20 ga Afrilu, 1987

Aminina Magaji,

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyali. Takardarka ta iso, na ga ka ce in yi shiru. Ta same ni na riga na dawo.

Na bi mota zuwa Bukkuyum, daga nan aka ɗauke ni a babur zuwa Zugu. Na tarar da Inna Hamsatu a inuwar rumbu tana ɓarar gyaɗa, idanunta sun yi rauni, amma muryata ta gane. Na durƙusa, Sa'idu na tsaye, na ce mata babu shahada, da ashar a baki ɗanta ya tafi, ni na yi mata ƙarya.

Dariya ta yi har tari ya sarƙe ta. Ta ce Gambon da ƙaya in ta soke shi sai ya zagi ƙayar da uwar ƙayar, shi ne zai rasa ƙafafu ya yi shiru? Tun ranar da na zo ta san gyara na yi, amma ta ga halin da nake ciki, ta ji tausayina ta karɓa. Ta ce tun daga lokacin, duk sallar da ta idar sai ta nemar wa bakinsa gafara, kuma Allah ya fi kowa sanin maganar da zafi ke sa bawa ya yi. Na yi kuka a gabanta, ni da furfurata, ban ji kunya ba.

Sai ta ajiye gyaɗar. Ta ce abu ɗaya ne ba ta taɓa samun ƙarfin tambaya ba, yanzu kuwa kwananta ya ƙare, gara ta ji. Ta tambaye ni ko ya daɗe yana shan wahala.

Da niyyar faɗin gaskiya duka na je, Allah ne shaidata. Amma na dubi hannayenta sun tsaya cak a kan ƙwarya. Na ce mata kamar ƙiftawar ido. Na saci kallon Sa'idu, sai na ga ya gyaɗa kai, domin ya saba ganin ana mutuwa nan take a zauren Alhaji. Akwatin da ya tona ni shi ya tsaya mini shaida, ban san ko in gode masa ba.

Sa'idu ya ce zai zo Anka bayan sallah ya gaishe ka. Zai tambaye ka. Ashar ɗin ka faɗa masa duka in ya so, har ka kwaikwayi muryar. Amma Gambo bai daɗe ba, Magaji. Ka ji ko? Bai daɗe ba.

Ka gai da Ladi da yara. Allah ya gafarta mana, mu da shi.

Naka har kullum,
Mamuda